Rigar da Aka Ba Labbo

"Ɗaga hannuwanka, Labbo," in ji Malam Attahiru. "Ɗaga da kyau, kada ka kece min wuyan riga."

Labbo ya ɗaga hannuwa sama kamar ɓarawon da aka ritsa a rumbu. Malam Attahiru da kansa, ba wani baransa ba, ya zura masa rigar ta ka, ya gyara masa kafaɗu, ya ja da baya yana kallonsa. Saƙi ce mai aska takwas, ɗinkin ya sauko har cibiya. A gabanmu ya tuɓe ta, ko ɗumin jikinsa bai bar ta ba. Ni kuwa ina zaune a bakin tabarma, a zauren nan nasa na Tsafe, idona na kan rigar.

Sunana Tambaya, dillali ne ni a Gusau. Tun Malam Attahiru yana sayen auduga da jaki ɗaya nake yi masa dillanci, har ya zama mutumin da raƙuma ke durƙusawa a ƙofar gidansa. Na sha rana dominsa, na sha zagin manoma dominsa. Abin da na taɓa samu a hannunsa, ban da la'adata, goro ne, sai wata hula da gara ta riga ni ɗanɗanawa. Yau ga Labbo maƙwabcina, mai zanen ƙwarya, wanda ni na nuna masa hanyar gidan, ya shigo da ƙafa duk faso, kafin gumin tafiya ya bushe masa an sa masa riga.

Abin da ya jawo rigar yana ajiye a tsakiyar zaure. Masaki ne babba, irin wanda mace za ta yi wa jariri wanka a ciki. Labbo ya zane bayansa tun daga baki har gindi, kuma a kewayensa ya zana jirgin ƙasa. Shekarar nan ba a zancen komai sai jirgi. Leburori sun wuce Funtuwa da ƙarafuna, har sun fara tara ƙasa a bayan Tsafe. Labbo bai taɓa ganin jirgi ba. Ni na gan shi a Zariya, na gan shi a Kano, na hau shi har Ikko, hayaƙinsa ya baƙanta mini rawani. Ni na zauna a ƙofar gida na ba Labbo labarinsa. Shi kuwa ya je ya zana wani abu kamar shanshani mai ƙafafun faifai, hayaƙi na fita ta kansa, ga 'yan kawunan mutane suna leƙe ta tagogi. Bai yi kama da jirgi ba. Na rantse bai yi ba. Amma in ka zuba masa ido sai ka ji kamar ka matsa daga hanya.

"Wallahi ga shi nan shina tahiya!" Malam Attahiru ya ce, yana juya masakin a hannu. "Tambaya, kai da kag ga jirgi, haka shike?"

"Kusan haka, ranka shi daɗe."

"Kusan haka! Kai ka gani da ido, ba ka kawo muna komi ba sai surutu. Wanga bai gani ba, ga shi ya kawo min shi har zaure."

Mutanen zaure suka bushe da dariya. Ni ma na yi. Sannan na zunguri Labbo da gwiwar hannu, don ba riga ta kawo mu Tsafe ba. Jari Labbo ya zo nema.

Tun a hanya na gaya masa har bakina ya gaji: magana tukuna, ƙwarya daga baya. Ya bar masakin a ƙunshe sai ya faɗi buƙatarsa. Amma Labbo hannunsa ya fi bakinsa sauri. Ana cewa "Mi kaɗ ɗauko haka?" ya kwance ƙunshin. To, ga shi an yi masa kyautar da ta fi abin da ya kawo nesa. Mu kuwa a wurinmu, wanda babban mutum ya tuɓe riga daga jikinsa ya sa masa, ba ya buɗe baki ya ce a ƙara masa wani abu. In ya yi, ya nuna rigar ba ta ishe shi ba ke nan.

"Akwai wata magana, Labbo?" Malam Attahiru ya tambaya.

Labbo ya dubi aljihun rigar, ya dubi ƙasa. "Babu, ranka shi daɗe. Sai godiya."

Aka sallame mu da goro.

A hanyar komawa Gusau ina kan jakina, shi yana ƙasa, ya naɗe rigar ya ɗora a ka. Sai da muka bar duwatsun Tsafe a baya na ce, "To, mai riga, da hannun riga za ka sayi duman ko da wuyanta?"

"Bari, Tambaya."

"Ban bari. Na ce maka magana tukuna."

"Ka ce. Hannuna na yab bi son ranai."

Bari in faɗi abin da ya sa Labbo yake neman jarin nan ido rufe. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa, ba abin da ban sani ba. Duman da yake aiki da shi na Karakkai ne, can ƙasar Bungudu, mai kaurin baya, wanda wuƙa ke shiga ba ya tsagewa. Da can kaɗan-kaɗan yake saye a kasuwa, ya zana wa matan gari na jere. Amma Gusau ta fara cika. Sabon Gari ya tara baƙi, akawuna da Yarbawa da 'yan koli, kowa yana son ƙwaryar Labbo, ba don fura ba, don ya rataye a bango a gani. Uwar amarya kuwa in ba ta sa masakin Labbo a saman jeren 'yarta ba, sai ta ji kamar ɗakin bai cika ba. Aiki ya fi ƙarfin duman da yake samu. Ga fataken Kano sun gano Karakkai, suna zuwa su saye gona ɗungum tun duma yana kan yaɗo. Labbo ya ce in bai kama gonar wani manomi mai suna Sahabi bana ba, baɗi sai dai ya zana ƙoƙon bara. So yake ya kama gonar duka, ya kafa rumfa kusa da inda za a yi tashar jirgi.

Ni ya fara tambaya, kuma na gaya masa gaskiya. Kuɗina suna cikin tasoshi da langa masu fure da na yo odarsu daga Ikko. Na ce masa in jirgi ya iso, wace amarya ce za ta jera ƙwarya ga kwano mai walƙiya? Har yau ban ga laifin wannan lissafi ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, a cikin gidana aka ba ni amsa. Langa ta farko da ta iso na kai wa matata Hajjo. Bayan kwana biyu na iske ta tana dama wa awaki dusa a ciki, jerenta kuwa yana nan yadda yake, ƙoren Labbo tun daga ƙasa har rufin ɗaki.

"Malam, ai kwanonka ya yi kyau," ta ce. "Ko akuya ta taka ba ya hwashewa."

Don haka a hanyar nan na ba shi shawarar da duk mai hankali zai bayar.

"Ka ba ni rigar in kai ta Kano. Ba wanda za shi sani. Kuɗinta sun kama maka gonar Sahabi har da canji."

Ya tsaya cak a tsakiyar hanya. "In sai da rigar da mutum yat tuɓe daga jikinai? Gobe shi gamu da ni shi ce ina riga, in ce tana wuyan wani Bakano?"

"To ka ci aska takwas da miyar kuka."

"Ina ci," ya ce, ya wuce gaba.

Ranar Juma'a ya sa ta. Ban so in tuna ranar nan. Labbo siriri ne kamar kara, rigar ta haɗiye shi, sai ya riƙa tattare hannuwanta yana tafiya kamar mai tsallake kwata. Amma mutane suka dare masa. Wani dattijo da bai taɓa amsa gaisuwarsa da baki biyu ba ya matsa ya ba shi wuri a sahun gaba. Ni ina can baya, rana na dukan ƙeyata, ina kallon ɗinkin da ke bayan wuyansa. Sallar ranar nan, Allah dai Ya karɓa.

Damina na gab da ɗaukewa ya ce zai tafi Karakkai. Ba shi da ko anini. Zai je ne kawai ya roƙi Sahabi ya ɗan dakata wa fataken Kano. Ina jin matarsa Yelwa ta bayan katanga tana cewa, "Malam, tahi da rigar. In za a hana ka, a hana ka da mutunci."

Da ya dawo, ina zaune a dakalin ƙofar gidana bayan la'asar. Na hango shi tafe ba riga a jikinsa, daga shi sai wando, ƙunshi a ka, haƙoransa na haɗuwa, amma yana dariya.

"Dillali!" ya kira ni tun daga nesa. "Tashi ka gaida ni. Na saye gona."

"Da mi?"

"Da bakina ƙum."

Ya zauna a gefena yana rawar ɗari ya ba ni labari. Kafin ya shiga Karakkai ya tsaya gindin wata tsamiya ya sa rigar. Sahabi na hango shi ya jefar da fartanya. Ashe ya sha kai auduga Tsafe, ya san rigar kamar yadda ya san gonarsa. Ya shimfiɗa masa buzu, ya sa aka yanka zakara. Labbo na fara zancen duma, Sahabi ya tare shi: wanda Attahirun Tsafe ya sa wa rigarsa, ai ba a tambayarsa kuɗi a gaba. Gona duka tasa ce. In duma ya bushe zai kawo masa har gida, biya sai an sayar.

"Ka ce mai Attahiru na bayanka?" na tambaya.

"Ban ce ba."

"Ka ce mai ba shi bayanka?"

"Shi ma ban ce ba. Zakara nika ci, bakina cike."

Na dube shi. Ni da na ƙare rayuwata ina sarrafa harshe, na san inda ake tausasa murya, na san inda ake tashi a yi kamar za a tafi, ban taɓa ƙulla ciniki irin wannan ba. Wannan mutum da ko kuɗin ƙoƙo bai iya tayawa ba, ya je ya zauna ya yi shiru an ba shi gona. Na ce masa barka. Kalmar ta fito mini kamar ƙaya.

"To ina taguwarka? Mi yas sa kaka yawo tsirara kamar ɗan dambe?"

Ashe a hanyar dawowa ya iske gulbi ya kawo. Ya naɗe rigar ya ɗora a ka, ya shiga ruwa har wuya. Yana fita hadari ya taso. Sai ya tuɓe taguwarsa ya ƙara naɗe rigar da ita, ya rungume ƙunshin a ciki ya duƙa, ruwan saman ya ƙare a bayansa. Ya kwance ƙunshin a kan dakalina don in gani. Ko ɗigo bai taɓa ta ba.

"Ka gani?" ya ce, sai tari ya sarƙe shi.

Tarin nan bai sake shi ba. Aka yi sassaƙe-sassaƙe, wanzami ya zo ya yi masa ƙaho a baya, malamin unguwa ya yi rubutu ya sha. Aka yanke gero yana kwance, aka fara karyar dawa yana kwance. Tun yana fitowa zaure ya jingina da bango ya riƙe wuƙar zane, har ya zama wuƙar tana faɗuwa daga hannunsa. Masu zuwa neman ƙwarya suna komawa hannu wofi, wasu su biyo ta rumfata su ɗaga langa su juya, su ajiye, su tambaye ni ya jikin Labbo.

Wata safiya da hantsi Yelwa ta aiko Hajjo ta ce yana kirana. Na shiga ɗakinsa. Yana kwance a gadon kara, ya zama ƙashi da fata, idanun nan sun yi zuru-zuru. Rigar tana rataye a turke sama da kansa, an lulluɓe ta da tsohon zane saboda ƙura.

"Duma ya kusa bushewa," ya ce. "Sahabi na nan tahe."

"Bari shi zo. Kai dai ka samu lahiya."

Na zauna a bakin gadon. Na daɗe ina juya maganar a raina, sai na ga gara in faɗe ta. "Labbo, ba Kano za ni kai ta ba. Ni za ni saye. Kuɗi hannu. Ka samu na magani, ka rage wa Sahabi wani abu. Riga tana nan maƙwabta, ko yaushe kaka so ka gan ta."

Ya yi dariya har tari ya tashe shi zaune. Yelwa ta leƙo daga bakin ƙofa, ya ɗaga mata hannu ta koma.

"Tambaya, tun Tsahe idonka na kanta. Ko jakinka ya lura."

"Taimakonka nika yi."

"Na sani. Sauko da ita."

Na sauko da ita.

"Sa ta in gani."

Na yi kamar zan ƙi. Sannan na tuɓe tawa na zura ta. Jama'a, rigar nan kamar da gwajina aka ɗinka ta. Ta zauna mini a kafaɗa daram, nauyin saƙin ya sauka a jikina, na naɗe hannuwanta sama yadda manya ke yi. Na taka zuwa bakin ƙofa na dawo. Ɗakin ƙarami ne, taku kaɗan ka kai bango. Ba mai gani sai mara lafiya da wata kaza da ta leƙo.

"Ta hi yi maka kyau," Labbo ya ce. "Wallahi ta hi yi maka kyau. Kai ka da ƙirjinta."

"To?"

"To ba kai anka ba ba. Tuɓe, kada ka sa mata warin kasuwa."

Na tuɓe. Na mayar da ita turke, na lulluɓe ta da zanen yadda na same ta. Ya koma ya kwanta, ya rufe ido, murmushi bai bar bakinsa ba. Har na kai ƙofa ya ce, "In Sahabi ya zo ban iya tashi, ka tarbe shi. Ka ce a sa manyan daga ƙasa, kada su danne ƙanana."

Bai sake kirana ba. Wata ranar kasuwa, ina tsakiyar ciniki da wata mata a kan tasa, sai ga Hajjo da kanta a bakin rumfa, ita da ba ta taka kasuwa. Ina ganin fuskarta na gane Labbo ya cika. Na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Matar ta tambaya wa ya rasu. Da ta ji, ta ajiye tasar ta ɗora hannu a ka.

Bayan azahar muka kai shi. Ni na kama gaban makara, ba nauyi ko kaɗan. Na sha zuwa jana'izar masu dukiya a garin nan, amma ban ga inda mata suka cika gida suka malalo har rariya kamar gidan Labbo ba. Tsofaffi da 'yan mata, na cikin gari da na Sabon Gari, kowace tana faɗin wane masaki ya zana mata, shekarar da aka kai ta ɗaki. Ina zaune a tabarmar makoki ina jinsu ta katanga. Na yi ƙoƙarin tuna mace ɗaya da za ta ce ga abin da Tambaya ya sayar mata. Na bar tunanin, na karɓi gaisuwa.

Ranar sadakar uku Malam Attahiru ya zo daga Tsafe. Bai aiko ba, da kansa ya zo. Aka kawo masa buzu ya ture, ya zauna a tabarma ɗaya da mu, ƙafarsa a ƙasa. Ƙofar gidana tana nan gefe, taku kaɗan. Duk shekarun nan bai taɓa sanin launinta ba.

An gama addu'a ana raba waina sai muka ji kukan jakuna. Suka ɓullo ta kan kwana a jere, kowanne an ɗaure masa raga shaƙe da duma, har ba a ganin jakin sai kunnuwa. A gabansu wani gajeren mutum baƙi, da sanda a kafaɗa, yana washe baki.

"Salamu alaikum! Ina mai riga? A ce mai Sahabi ya cika alkawari!"

Sai ya ga tabarmi. Ya ga waina. Sandar ta zame daga kafaɗarsa.

Aka zaunar da shi aka gaya masa. Ya yi salati, ya yi addu'a, ya share ido da bakin hula. Can ya ɗaga kai ya ga wanda ke zaune a gabansa, sai ya durƙusa.

"Ranka shi daɗe, ashe kana nan. To alhamdu lillahi. Ga kayan yaronka na kawo."

"Wane kaya?" in ji Malam Attahiru.

"Duman da yas saya. Gonata duka. Fataken Kano sun zo da kuɗi hannu, na ce musu na riga na ba mutumin Attahiru."

"Shi yac ce maka ni na aiko shi?"

"A'a. Bai ce ba. Ni dai na ga rigarka."

Malam Attahiru ya juyo ya dube ni. Kowa ya dube ni. Sai na faɗi yadda aka yi, tun daga abin da ya kai mu Tsafe, da yadda masaki ya riga magana fita, har gulbi da ruwan sama. Ban ƙara ba ban rage ba.

Malam Attahiru ya ce, "Jari yaz zo nema? Ni kuwa nis sa mai riga nis sallame shi da goro?" Ya girgiza kai. "Kai kuma Tambaya kana zaune. Kai da ba a rabuwa da bakinka ko ana sallah."

"Maganar mai magana ta, ranka shi daɗe. Ka tambaye shi, ya ce babu."

"Awo. Ya ce babu." Ya shafa gemu, ya juya wajen Sahabi. "Tashi zaune. Rigata tac ci bashin, ni ka biya. Ka biyo ni Tsahe gobe. Duma kuwa na iyalin Labbo na, har abin da za a kafa rumfar da shi."

Aka yi ta sa masa albarka. Abin da Labbo ya taka har Tsafe yana nema ya kasa faɗa, ga shi ya zo har ƙofar gidansa, da jakuna da mai biya, shi kuwa ƙasar kabarinsa ba ta gama bushewa ba. Ni da nake raye, da bakina da wayona, ba wanda ya taɓa cewa zai biya mini ko bashin goro.

Na tashi na je bakin ƙofar da ke shiga cikin gida, na yi sallama. Yelwa ta matso ta tsaya daga ciki, ba na ganinta sai gefen mayafin takaba. Na gaya mata abin da Malam Attahiru ya yi. Na ji ta tana jan numfashi.

"Ga shawara," na ce. "Fataken Kano ba su bar gari ba. In kin yarda, yau ɗin nan in sai musu da shi yadda shike, ki riƙe kuɗinki. Ban son la'ada."

"Malam Tambaya, ba don a sai da su tsirara yash shiga gulbi ba."

"To wa za shi zana?"

Jakuna na ta buga ƙafa a waje, ƙudaje sun dame su.

"A dai shigo da su zaure," ta ce.

Muka shigo da su, ni da Sahabi da masu jakuna. Na tsaya a kansu na ce a sa manya daga ƙasa. Muka jibge su tun daga bango har bango, suka haura tagar zauren, sai 'yar hanya muka bari ta shiga gida. Malam Attahiru ya hau dokinsa, Sahabi ya kora jakunansa, aka naɗe tabarmi.

Na koma dakalina na zauna. Rana ta yi sanyi, ta shigo ta ƙofar zauren ta kwanta a kan tulin duman, farare sumul, ba ko ƙwarzane a jikin ɗaya. Can wani ƙarami ya zame daga sama, ya gangaro ya fito ta ƙofa, 'ya'yan cikinsa na kaɗawa, ya zo tsakiyar rariya ya ɗan juya, ya tsaya.